Ƙwayoyin Tushe da Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dashen Ɓargo, Sikila da Garin da Ake Talla

Duk gidan da ke da mai sikila sun taɓa jin ana maganar dashen ɓargo. Duk mai waya kuma ya taɓa cin karo da tallar wani gari mai suna "sitem sel", wanda aka ce yana maganin suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, duk a leda ɗaya. Suna ne kawai ya haɗa su. Hanya mafi sauƙi ta rabe su ita ce a tambayi abin da garkuwar jiki za ta yi da kowannensu, domin duk ƙwayar da aka shigar cikin jikin mutum sai ta bi ta gaban masu gadi.

Mene ne ƙwayoyin tushe?

Jiki ginin ƙwayoyin halitta ne, kowace da sana'arta: ta jini tana dakon iska, ta tsoka tana motsi, ta fata tana rufe tsiraicin nama. Yawancinsu idan sun tsufa sun mutu shi ke nan. Ƙwayar tushe, wadda Turawa ke kira sitem sel, ta bambanta da abu biyu. Idan ta rabu tana iya haifar irinta sak, don kada irin ya ƙare, kuma tana iya haifar 'ya'yan da za su kama sana'o'i dabam-dabam. Kamar manomin da ke ware iri kafin a ci sauran hatsi.

Masu bincike biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su suka tabbatar da samuwarta a 1961, bayan sun dasa ɓargo a jikin ɓerayen da aka ƙona wa nasu da haske mai guba. Akwai ƙwayoyin tushe a hanji, a fata, a gindin gashi, a tsoka. Amma waɗanda aka fi sani, aka fi kuma amfana da su a asibiti, su ne na ɓargon ƙashi. Aikinsu ba ƙarami ba ne: a kowace daƙiƙa jikin baligi yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2.

To ina ruwansu da garkuwar jiki?

Ai uwa ce da 'ya'yanta. Duk wani sojan garkuwa da ke yawo a jini, daga ɓargo ya fito. Akwai niyuturofil, waɗanda ke fara isa wurin rauni su mutu a can, gawarsu ce ma yawancin ruwan mugunya. Akwai makurofej, manyan masu haɗiye ƙwayoyin cuta da share tarkace. Akwai ƙwayoyin B masu ƙera makaman da ke manne wa cuta, da ƙwayoyin NK masu kisa ba jiran umarni. Sai ƙwayoyin T, waɗanda ke barin ɓargo tun suna ƙanana su tafi makaranta a wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus. Karatu ɗaya ake yi a can: bambance ɗan gida da bare. Wanda ya nuna alamar zai iya kai wa ɗan gida hari, a can ake kashe shi, kuma mafi yawan ɗaliban ba sa fitowa da rai.

Saboda haka wanda aka canza wa ɓargo, ba jini kaɗai aka canza masa ba. An canza masa rundunar tsaro gaba ɗaya.

Su 'ya'yan suna yi wa uwar wani abu, ko haihuwa ce kawai ta haɗa su?

Nan ne binciken shekarun nan ya fi daɗin ji. Ƙwayar tushe ta ɓargo yawancin rayuwarta barci take yi, a wani lungu kusa da jijiyoyin jini, don yawan rabuwa yana tsufar da ita, yana kuma tara mata kurakurai. Makurofej na cikin masu riƙe ta a wannan lungu. A gwajin ɓeraye, da aka kawar da su sai ƙwayoyin tushe suka ɓalle suka fantsama cikin jini.

Akwai kuma wani rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu sulhu ne, ana ce musu Tireg. Shimon Sakaguchi na Japan ya fayyace su a 1995, kuma a kansu aka ba shi kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. A 2011 aka nuna cewa waɗannan masu sulhu suna taruwa kewaye da ƙwayoyin tushe a ɓargon ɓera, suna hana 'yan'uwansu mafaɗata kai hari wurin.

Idan cuta ta shigo kuwa, sojojin da ke bakin daga suna sakin sinadarai irin su intaferon, saƙon ya kai ɓargo, uwa ta farka ta shiga haihuwar sababbin mayaƙa. Wannan yana da amfani a zazzaɓin kwana uku. Idan cutar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ana ta tayar da uwar ba hutu, sai ƙarfinta ya fara raguwa.

Wani abin mamaki shi ne tana riƙe abin da ya faru. Allurar BCG, wadda ake yi wa jarirai a hannu tana barin ɗan tabo, an gwada ta a ɓeraye a 2018 ta hanyar jijiya, aka ga ta sauya ƙwayoyin tushe na ɓargo har makurofej ɗin da suka haifa daga baya suka fi na da ƙarfin yaƙar tarin fuka. Gwajin ɓera ne, kuma hanyar allurar ba irin ta jariranmu ba ce, amma ya nuna cewa darasin cuta yana iya sauka har gindin zuriya.

A ɓargo kaɗai ake wannan hulɗa?

A'a. Shimfiɗar cikin hanji tana sabuntuwa duk bayan kwana 3 zuwa 5, kuma idan ta ji rauni wasu ƙwayoyin garkuwa ne ke sakin sinadarin IL-22 da ke zaburar da ƙwayoyin tushen wurin su gyara ɓarna. A 2017 masu bincike a San Faransisko suka aske ɓeraye bayan sun kawar musu da Tireg na fata, gashin ya ƙi fitowa.

Misalin da ya fi burge ni na wata halittar ruwa ce ta ƙasar Meziko mai suna akzolotil, mai kama da ƙadangare, wadda in aka yanke mata ƙafa sai wata ta tsiro. A 2013 a Ostireliya aka kawar da makurofej ɗinta sannan aka yanke ƙafar. Raunin ya rufe, ya yi tabo, dungulmi ya tsaya a haka. Da makurofej suka dawo aka sake yanke dungulmin, sai ƙafa ta tsiro. Ashe ƙwayoyin da ke gina ƙafar suna nan tun farko, izini ne ba su samu ba.

Me ya sa jiki ke ƙin ƙwayoyin wani mutum?

Kusan kowace ƙwaya a jiki tana ɗauke da tambari a bayanta mai suna HLA, kamar tsagen gado a fuska. Bafaranshe Jean Dausset ya gano na farko a 1958. Rabin tambarin daga uwa yake, rabi daga uba. Ƙwayoyin T suna zagayawa suna duba shi, wanda tsagensa ya saɓa su far masa.

A dashen ƙoda haɗarin ta gefe ɗaya yake: jiki ya ƙi baƙuwa. A dashen ɓargo kuwa gaba kura ne baya siyaki. Ragowar sojojin majinyaci suna iya kashe sabon ɓargon. Ko kuma sojojin da suka zo tare da ɓargon su waiga su ga duk garin bare ne, su afka wa fata, hanta da hanji. Likitoci na kiran wannan GVHD, wato baƙo ya juya wa mai masauki. Yana zuwa da ƙuraje, shawara da gudawa mai tsanani, kuma yana kisa.

Kar a rikita HLA da rukunin jini. Mai rukunin O yana iya karɓar ɓargon mai rukunin A idan tambarinsu ya dace.

Yaya ake yin dashen? Tiyata ce?

Ba a yanka majinyaci. Da farko ana ba shi magunguna masu ƙarfi irin na sankara, kamar busulfan, wani lokaci da gashin haske, don a share tsohon ɓargo a kwantar da garkuwa. Sannan a ɗaura masa ƙwayoyin mai bayarwa ta jijiya kamar ƙarin jini. Su da kansu suke gane hanya su shige cikin ƙashi. Daga nan sai jira, mako 2 zuwa 4, a ɗakin da aka tace iskarsa, domin a wannan tsakanin mutum ba shi da garkuwa, ƙwayar cutar da ba ta isa ta sa lafiyayye atishawa ba tana iya kai shi kushewa.

Ba a kai nan da sauƙi ba. Likita Donnall Thomas na Amurka ya ba da rahoton majinyata shida a 1957, babu wanda dashen ya zauna masa, don lokacin ba a san daidaita HLA ba. Sai a 1968 Robert Good a Minnesota ya ceci wani jariri da aka haifa ba garkuwa, da ɓargon yayarsa. Thomas bai saki aikin ba, ya samu Nobel a 1990.

Da gaske dashen ɓargo yana warkar da sikila?

Da gaske ne. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20, ga lanƙwashewa kamar lauje tana toshe ƙananan jijiyoyi. Tunda masana'antar ce ke da matsala, in aka canza ta kayan da take fitarwa za su gyaru. An gano haka ne ta hanyar wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka mai sankarar jini da sikila a haɗe. Don sankarar aka yi mata dashe, sai sikilar ma ta tafi. A 1984 aka buga rahoton.

A Najeriya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, an yi dashen farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro ɗan shekara 7. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Da yawa kuma suna tafiya Indiya.

Idan yaro ne, kuma mai bayarwa shaƙiƙinsa ne da tambarinsu ya dace ɗari bisa ɗari, fiye da 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon. Sai dai sharuɗɗan nan biyu ba kowa ke cika su ba. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu ga kowane ɗan'uwa, kuma dole shi ma kada ya zama SS. Gida yana iya cika da 'ya'ya ashirin amma in 'yan uba ne, yawanci iyakar dacewarsu rabi. Neman na waje kuma ya fi wahala ga baƙar fata, saboda tambarin mutanen Afirka ya fi na kowa yawan launi, sunayensu kuma sun yi ƙaranci a rajistar masu bayarwa ta duniya.

Akwai wani abu da iyaye ba su cika ji ba. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini, garkuwarsa ta riga ta ga tambarin baƙi iri-iri, ta iya yiwuwa ta tanadi makamai a kansu. Irin wannan jikin ya fi saurin ƙin dashe. Shi ya sa ake gwada wannan kafin a fara, shi ya sa kuma likitoci ba sa son a ƙara wa yaro jinin ɗan'uwan da ake sa ran zai ba shi ɓargo wata rana.

Ga wanda bai samu mai dacewa ba, akwai dashen rabin dacewa, daga uwa ko uba ko ɗan'uwa. Dabarar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Johns Hopkins tana da wayo: a bar sojojin baƙo su shigo, mafaɗatan cikinsu su harzuƙa su fara yawaita, sai a rana ta 3 da ta 4 a ba da maganin saikulofosfamaid, wanda ke kashe masu saurin rabuwa. Mafaɗata su mutu, masu sulhu da ƙwayoyin tushe su tsira.

Ra'ayina shi ne kada labarin dashe ya sa a raina abin da ke hannu. Kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, haɗarinsa na rai ne, yana kuma iya taɓa haihuwa. Haidiroksiyuriya, maganin da aka gwada a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka ga yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, da rigakafin maleriya, da allurai a kan lokaci, su ne za su riƙe mafi yawan yaranmu.

Wanda ya ba da ɓargonsa fa, ba zai nakasa ba?

Ba zai nakasa ba. Daga ƙashin ƙugu ake zuƙowa da allura bayan an sa shi barci, ba a kusantar laka. Zai ji ciwon wurin na 'yan kwanaki, ɓargon kuma ya mayar da kansa cikin makonni. Mai AS ma yana iya bayarwa. Wata hanyar ita ce a yi masa allurar G-CSF ta 'yan kwanaki, ƙwayoyin tushe su fito cikin jini, na'ura ta tace su. Amma mai SS ba a yi masa wannan allura, tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani.

Na ji an ce yanzu ana gyara ƙwayoyin mutum da kansa, ba sai an nemi wani ba.

Haka ne, sunan maganin Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin tushen majinyaci, a yi amfani da almakashin gado mai suna CRISPR a kunna masa himogulobin, wato sinadarin da ke dakon iska a jajayen ƙwayoyin jini, irin na jarirai. Wannan himogulobin ne dalilin da jariri mai SS ba ya fara ciwo sai ya doshi wata shida, lokacin da jiki ya kashe shi ya kunna na manya. Tunda ƙwayoyin nasa ne, babu baƙo babu faɗa. Sai dai har yanzu sai an share tsohon ɓargo da busulfan, farashinsa kuma a Amurka dala miliyan 2.2.

Shin faɗan baƙo da mai masauki yana da wani amfani?

Ga mai sankarar jini, yana da shi. Likitoci sun lura cewa wanda aka yi wa dashe daga tagwayensa masu kama ɗaya, wato dacewar da ba ta da na biyu, sankararsa ta fi saurin dawowa. Dalili: sojojin Husaini ba sa ganin komai baƙo a jikin Hasan, har da ƙwayar sankarar. Na ɗan'uwa na daban kuwa suna farautar ragowarta. Don haka a sankara ana son ɗan faɗan, gwargwado. A sikila ba a son ko kaɗan, tunda babu abin farauta.

Daga nan ne labarin ƙanjamau ya fito. A 2007 a Balin ta Jamus aka yi wa Timothy Ray Brown dashe saboda sankarar jini. Likitansa Gero Hütter ya zaɓi mai bayarwa da aka haifa ba tare da ƙofar CCR5 ba, wadda ƙwayar HIV ke bi ta shiga ƙwayoyin T. Kusan mutum 1 cikin 100 na Turawan arewa haka suke. Brown ya daina shan magani, cutar ba ta dawo ba har sankara ta ɗauke shi a 2020. An samu wasu 'yan tsiraru bayansa. Amma babu likitan kirki da zai yi wa mai HIV dashe don HIV kaɗai, alhali ƙwayoyin magani suna riƙe shi lafiya.

Akwai ƙwayoyin tushe da aka ce suna kwantar da garkuwa. Yaya abin yake?

Ana nufin waɗanda ake kira MSC. Alexander Friedenstein na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ya gano su a ɓargo. Ba jini suke haifa ba, ƙashi ne da guringuntsi da kitse. Ana samun irinsu a kitsen jiki da igiyar cibiya. A 2004 Katarina Le Blanc a Suwidin ta ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 9 da GVHD ya kusa kashewa, magunguna duk sun gaza. Aka ɗaura masa MSC na mahaifiyarsa, hanji da hanta suka lafa.

Wannan rahoto ya buɗe ƙofar ɗaruruwan gwaje-gwaje, a ciwon gaɓoɓi, zuciya, huhu, kusan komai. Da farko an ɗauka ƙwayoyin suna tafiya wurin ciwo su zama sabon nama. Ba haka ba ne. Yawancinsu a huhu suke maƙalewa, cikin 'yan kwanaki sun ɓace. Abin da suke yi shi ne sakin sinadaran da ke sanyaya ƙwayoyin T. Wani bincike na 2017 a Landan ma ya nuna cewa sojojin majinyaci ne ke kashe su, makurofej su haɗiye gawar, cin gawar ne ke mayar da makurofej masu sulhu. Arnold Caplan, wanda ya raɗa musu sunan a 1991, da kansa ya dawo yana cewa a daina kiransu ƙwayoyin tushe.

Sakamako ya zo gauraye. A Disamban 2024 Amurka ta amince da Ryoncil don yara masu GVHD da ya ƙi jin magani, shekara 20 bayan yaron Suwidin. A wannan Disamban na 2024 kuma aka janye Alofisel daga kasuwar Turai, wani maganin MSC na yoyon dubura mai nasaba da ciwon hanji, bayan babban gwaji ya kasa nuna ya fi allurar da ba magani a ciki.

Idan garkuwa ce da kanta ke cin jiki fa?

Akwai cututtuka irin haka, inda soja ya juya bindiga gida. A cutar MS rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka yake ci. Ga waɗanda tasu ta yi tsanani, ana ɗebe ƙwayoyin tushensu a ajiye, a rushe garkuwar da magani, a mayar da ƙwayoyin su haifi sabuwar runduna da ba ta gaji tsohuwar gaba ba. Wani gwaji na mutum 110 da aka buga a 2019 ya nuna wannan ya fi magungunan da aka kwatanta shi da su hana cutar ci gaba. Lura: ƙwayoyin ba sa gyara jijiyar da ta riga ta lalace.

Ciwon suga nau'i na ɗaya, mai kama yara, shi ma haka ne: garkuwa ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. A 2025 kamfanin Vertex ya ba da rahoton mutum 12 da aka dasa wa masu yin insulin da aka rena daga ƙwayoyin tushe. Bayan shekara 10 daga cikinsu sun daina allura. Amma dukkansu suna shan maganin danne garkuwa, wanda ke buɗe ƙofa ga cututtuka. Sugan da ya fi yawa a cikinmu, na manya, nau'i na biyu ne, wannan magana ba ta shafe shi kai tsaye ba.

Ba za a iya ɓoye ƙwayoyin daga masu gadi ba?

Ana ƙoƙari ta hanya biyu. Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mayar da ƙwayar fata baya ta zama ta tushe, wadda za ta iya zama kowace irin ƙwaya. Wannan ya rage dogaro da ɗebo ƙwayoyin tushe daga ɗan tayi, abin da ya daɗe yana jawo muhawarar addini. A 2014 a Kobe aka dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin ido da aka yi daga fatarta. Matsalar ita ce yi wa kowa nasa yana cin watanni da kuɗi masu yawa.

Hanya ta biyu ita ce a goge tambarin HLA gaba ɗaya. Ƙwayoyin T sai su wuce ba su gani ba, amma NK aikinsu ke nan, kashe duk wanda ba shi da tsage. Sai aka ƙara wa ƙwayoyin wata alama mai suna CD47, wadda ma'anarta ita ce "kar ka ci ni". Ƙwayoyin sankara ma da ita suke fakewa, kuma nan ne abin tsoron: ƙwayar da garkuwa ba ta gani, in ta lalace ta fara yaɗuwa, wa zai tare ta? Shi ya sa wasu masu binciken ke dasa mata makunnin da za a iya kashe ta da magani.

Jinin cibiya da muke binnewa yana da amfani?

Yana ɗauke da ƙwayoyin tushe na jini. A 1988 a Paris, Eliane Gluckman ta yi dashen farko da shi ga wani yaro ɗan shekara 5, daga cibiyar ƙanwarsa. Sojojin jariri ba su goge da faɗa ba, don haka GVHD ya fi sauƙi ko dacewar ba ta cika ba. Aibinsa ƙaranci: abin da ke cikin cibiya ɗaya sau da yawa ba ya isar babba. Ga iyalin da ke da ɗa mai sikila kuma ana jiran haihuwar ƙani, magana ce da ta kamata a yi da likitan jini tun kafin naƙuda. Cibiyar mai SS kuwa ba za ta warkar da shi kansa ba, ciwon yana cikinta.

Garin "sitem sel" da ake sayarwa a leda fa?

Ƙwayar tushe abu ne mai rai. Ana ajiye ta ne a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, in aka narkar da ita kuma sai a ɗaura nan take. Ba ta rayuwa a busasshen gari a cikin jakar ɗan talla a zafin Afrilu. Ko da ta rayu, ruwan ciki zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da tsire. Yawancin ledojin nan ma in ka karanta, daga tuffa ko inabi aka ce an samo su. Ƙwayar tuffa kuwa tuffa take haifa. Babbar ɓarnarsu ita ce mai suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa na asibiti.

Masu yin allura ma ba duka ne na gaskiya ba, ko a Turai da Amurka. A 2017 aka buga rahoton wasu tsofaffin mata uku a Fulorida da aka yi wa allurar ƙwayoyin kitsensu a ido biyu, suka yi mummunar asarar gani. Kafin ka biya, Alhaji, tambayi abu uku: ƙwayoyin wane ne, wane gwaji aka yi don a san jikinka zai karɓe su, wace hukuma ce ta amince da su don wannan ciwon takamaimai. Wanda ya ce maganinsa ɗaya ne ga ciwo goma kuma ba ya buƙatar gwajin jini, cinikin biri a sama yake so ku yi.

'Yata ta warke bayan dashe, gwaji ya nuna AA. Za ta iya auren mai AS?

Hajiya, a nan a yi hattara. Jininta ya zama na wanda ya ba ta ɓargo: jinotayif ɗinsa gwaji zai nuna, rukunin jininta ma yana iya komawa nasa. Sabuwar garkuwar kuma jaririya ce, ba ta san ƙyanda ko shan inna ba, dole a sake mata alluran rigakafi daga farko bisa tsarin likitanta, a kuma tsananta kare ta daga sauro.

Amma dashe bai taɓa ƙwan haihuwarta ba. A can har yanzu SS ce, kuma duk ɗan da ta haifa zai gaji S ɗaya daga gare ta. Idan mijin AA ne, 'ya'yan duka AS za su zama. Idan AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AS da SS. Haka abin yake ga namiji, haka kuma ga wanda aka yi wa Casgevy. Saboda haka ranar gwajin kafin aure, takardar da za a kai wa likita da dangin miji ita ce tsohuwar, ta kafin dashe.